Wata takwas ina kan maki 1100 a wasan ches, ko salon wasana ne matsalar?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙorafi na kawo, kuma a kaina zan yi shi. Bara da azumi na fara ches a waya, bayan wani abokina ya lallasa ni sau bakwai a zama ɗaya a bakin shagonsa, yara suna kallo. Na buɗe akawun a Chess.com, na faro daga wajen maki 500, cikin wata biyar na haura 1000, har na fara jin kaina. To tun daga nan mota ta kafe. Wata takwas ke nan ina yawo tsakanin 1050 da 1150, yau in hau gobe in zamo. Wasan minti 3 na fi yi, wani lokaci na minti 1 idan kasuwa ta yi sanyi. Ni salona kai hari ne, ba na son wasan jan ƙafa. In ina da fari kullum kurtu e4, doki f3, giwa c4 (harafi da lambar nan sunan gida ne a kan allo), sai in cilla doki g5 in nufi f7. Ba na jin komai in ba da doki ko giwa don in tsiraita sarkin mutum. Tambayata ita ce, in sauya salo in koma irin na 'yan London, wato masu buɗe wasa da tsarin nan da ake kira London, masu zama kamar an dasa su, ko in riƙe nawa in ƙara masa kaifi?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Kafin mu je ga salo, ba mu labarin wasa uku na ƙarshe da ba ka ci ba. Waɗanda ka ci ka ajiye su, mun yarda ka iya.

Ɗan Fagge:
Malam za ka tona min asiri ke nan. To shi ke nan.
Na farko: na yi e4, ya yi e5, doki f3, doki c6, giwa c4. Ina jiran ya fito da doki f6 kamar yadda aka saba, ashe giwarsa ya kawo c5. Ni kuwa hannuna ya riga idona, na jefa doki g5. Sarauniyarsa tana zaune a d8, hanya a buɗe, ta zo ta ɗauke shi kyauta. Taku huɗu kacal.
Na biyu ma ba cinye ni aka yi ba, amma ya fi ci ciwo. Ina da sarki da sarauniya, shi sarki kaɗai ya rage masa, ya maƙale a lungun h8. Na kai sarauniya f7 ina murmushi, sai na ga an rubuto canjaras. Ba cek a kansa, wato ba abin da ke harin sarkin, kuma ba gidan da zai taka.
Na uku ina gaba da hasumiya guda sukutum, agogo ya cinye ni.

Malamin Lissafi:
Madalla. Yanzu nuna min inda salo yake a cikin ukun nan. Na farko ba ka dubi takun abokin wasanka ba. Na biyu ba ka tsaya ka tambayi kanka ina sarkinsa zai je ba. Na uku ka zaɓi lokacin da bai ishe ka tunani ba. Ko London ka koma, ko buɗin wasan da ake kira Caro-Kann, waɗannan ukun za su bi ka can su same ka. Ƙanena, ba don in rage maka hanzari ba, amma a matakin da muke, ni da kai duka, abin da muke kira salo yawanci sabo ne kawai. Mun haddace tarko ɗaya, ya yi mana aiki a kan 'yan 700, sai muka sa masa suna.

Mai Gyaran Waya:
A'a Malam, nan kam ban yarda ba. Kowa da halinsa, kuma hali yana fita a kan allo. Akwai wanda ko ludo yake yi sai ya kai hari. Mikhail Tal fa? Yana shekara 23 ya karɓe kambun duniya daga hannun Botvinnik a 1960, kuma da irin wannan wasan na jefa doki cikin wuta ya yi shi. Da wani malami ya zaunar da shi yana yaro ya ce masa ka yi a hankali, da ba mu san sunansa ba. Ɗan Fagge, kar ka bari su mayar da kai ɗan London. Wasan nan don nishaɗi muke yi, ba albashi ake biyanmu ba.

Malamin Lissafi:
Tal idan ya ba da doki ya san ya bayar, kuma ya riga ya hango taku da yawa a gaba. Ɗan Fagge bai ba da dokin g5 ba, ƙwace aka yi masa yana kallon wani wuri. Sadaka daban, faɗuwar kuɗi daga aljihu daban. Kuma tunda ka kawo tarihi, a 1961 Botvinnik ya dawo ya karɓe kambunsa daga hannun Tal ɗin. Wanda ya raba Botvinnik da kambun gaba ɗaya a 1963 shi ne Petrosian, mutumin da aka sani da toshe ƙofa tun ɓarawo bai fito daga gidansu ba. Waɗannan su ne za a ce suna da salo, don duk abin da ke kan allon suna gani, sai su zaɓi hanyar da ransu ya fi so. Mu da ba ma ganin sarauniya a d8, zaɓin me muka yi?

Mai Gyaran Waya:
To ai ko jariri yana da hali kafin ya iya magana.

Uwar Biyu:
Bari in sa baki, don na taɓa zama a inda Ɗan Fagge yake. Kusan shekara na yi ina wasan minti 3 ina goyo, ina girki, ina amsa sallama. In ci biyar, a ci ni shida, in kwanta da haushi kamar an zage ni. Ranar da na gane ba koyo nake ba, danne-danne kawai nake, ita ce ranar da na duba tarihin wasannina na ga na yi 34 a yini ɗaya, kuma ko ɗaya ba zan iya tuna yadda ya tafi ba.
Abin da na koma yi: wasa biyu kacal, da dare bayan yara sun yi barci, minti 15 da ƙarin sakan 10 a kowane taku. Wayar ma ba na riƙe ta a hannu, kan tire nake jingina ta, hannayena suna kan cinya. Idan ya taka, sai na tambayi kaina me yake nema da wannan takun. Sannan kafin in saki nawa in duba abu uku: akwai cek da zai ba ni, akwai abin da zai ci min, akwai inda dokinsa zai dira ya kama abu biyu lokaci ɗaya? Da farko abin yana da gundura, ba zan ɓoye ba, kamar tsince tsakuwa a shinkafa. Amma katoɓarar da nake yi ta ragu sosai. Yanzu ina 1650 a shafin ches na Lichess. Da baƙi Caro-Kann nake yi, c6 sannan d5, ba don ina jin tsoron faɗa ba, don giwata ta c8 tana samun hanyar fita kafin in rufe da e6.

Ɗan Fagge:
1650! Anti ashe da manya muke zaune. Ni da nake fama da 1100 ina ta surutu.

Uwar Biyu:
Kar ka ruɗe da lambar, ba mudu ɗaya ake awo da shi ba.

Malamin Lissafi:
Gaskiyarta. Lichess kowa daga 1500 yake farawa, da alamar tambaya a gefen makin har sai ya yi wasanni an gane matsayinsa. Shi ya sa a wajen masu koyo lambar can takan fi ta Chess.com yawa da 'yan ɗaruruwa. Maki ba nauyin ƙwaƙwalwarka yake aunawa ba, matsayinka yake nunawa a cikin waɗanda kuke wasa tare a wuri ɗaya kuma a irin lokaci ɗaya. Asalin lissafin na Arpad Elo ne, malamin fiziks ɗan asalin Hangari da ya zauna a Amurka, hukumar ches ta duniya ta karɓe shi a 1970. Shafukan nan biyu suna amfani da tsarin lissafin Glicko, wanda aka gina a kan nasa. Abin da ya kamata ka riƙe daga ciki: wanda ya fi ka da maki 200, lissafi ya ce zai kwashi kusan kashi 76 cikin 100 na sakamakon wasanninku. Ke nan ko shi ma za ka riƙa samun rabonka a hannunsa. Kuma hawa 40 ko saukar 40 a dare ɗaya ba labari ba ne, kaɗawar iska ce. Magnus Carlsen da ya kai 2882 a 2014, mafi yawa da aka taɓa samu, shi ma nasa hawa yake yana sauka.

Baba Mai Dara:
Yara ina jinku. Ni wannan ta Turawan jikana ne ya sa min a waya, har yanzu tafiyar doki tana rikita ni. Amma dara na shekara fiye da arba'in ina yi a gindin dalbejiya, rami 30, kowa da 'ya'ya 12. A dara, wanda ya iya tun wurin dasawa yake cin wasa. Yaro zai zo yana ta rawar jiki ya fara ci, bai lura da yadda ya watsa 'ya'yansa ba, kai kuwa kana ta gyara zama. In an fara tafiya sai ya ga ko'ina a toshe. Da na ji Ɗan Fagge ya ce yana kai hari da doki ɗaya da giwa ɗaya, sauran mutanensa suna gida ba su ko tashi daga barci ba, sai na ce wannan na san shi. Ɗana, da mutum biyu ake cin gari?

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi da biyun nake ci a da.

Mai Gyaran Waya:
Kuma yana ciwuwa Baba! In baƙi ya yi doki f6, ka yi g5, ya tare da d5, ka ci, ya rama da dokinsa a d5, sai ka dira f7. Sarki dole ya ci, sarauniya f3 cek, sarki ya fito e6 tsakiyar fili yana kare dokinsa, ka ƙara doki c3. Duk wanda bai taɓa ganin wannan ba sai ya yi gumi.

Malamin Lissafi:
Ka faɗi gaskiya, wanda bai taɓa gani ba. Shi ya sa ta kai shi 1000 ta sauke shi a tasha. Daga nan sama mutane sun sha wannan dukan sun koyi darasi. Bayan ka ci d5 ba sa ramawa, doki suke kaiwa a5 ya taɓa giwarka ta c4. Ka ba da cek a b5, ya tare da c6, a yi musaya, giwarka ta ja da baya, ya kori dokinka da h6, ya bi shi da e4. Kana da rarar kurtu ɗaya, amma shi ke kora kai ke gudu, mutanensa duk sun fito. Ɗan Fagge, ƙarya na yi?

Ɗan Fagge:
Kamar kana bayana Malam. Duk ranar da na ga doki a a5 sai gabana ya faɗi, don daga nan ban san komai ba. Har na fara zargin ko inji suke kunnawa a gefe.

Malamin Lissafi:
Masu satar amsa da inji suna nan, kuma shafukan suna rufe akawun ɗin wanda aka kama. Amma wanda ya yi maka doki a5 ba inji ya kunna ba, bidiyo ɗaya ya fi ka kallo.

Bawan Allah:
Ku yi haƙuri in katse ku. Shin an duba hukuncin wannan wasan kuwa? Na san an ruwaito Imam Malik yana cewa babu alheri a cikin shaɗaranji.

Shugaban Zaure:
An ruwaito haka, kuma malamai sun yi saɓani a kai tun da, musamman idan babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Mun taɓa doguwar magana a kan wannan, ƙa'idarmu ita ce kowa ya tambayi malaminsa. Mu dai a nan ba a sa kuɗi, kuma in an kira salla a ajiye waya. A ci gaba.

Ɗan Maraɗi:
Ni ta wani gefe zan zo. Ku da kuke cewa a koma dogon wasa, ku tuna da irinmu. Nan da yamma rezo, wato sabis ɗin waya, yakan yi rauni, ga kuran, wato wutar lantarki, yana tafiya ba sallama. Ka yi minti 20 kana gina wasa mai kyau, sai abin nan ya fara juyawa a kan allo, kafin ya dawo an ba wancan nasara. Na minti 3 ko ya yanke ba ka yi asarar komai ba. Abin da ya cece ni shi ne wasan kwana, wanda ake ba kowa yini ɗaya ko uku ya yi taku guda. Ina da guda biyar a buɗe yanzu haka, ɗaya da wani ɗan Indiya mun fi sati uku muna bugawa. In na samu rezo in duba, in yi tunani a kan babur, in dawo in taka. Ba ya cin data, kuma a nan na fara ganin allo gaba ɗaya maimakon lungun da nake kai hari kawai.

Uwar Biyu:
Wannan shawara ce mai kyau. Sai dai ga mai zafin hannu irin Ɗan Fagge, ina tsoron ko an ba shi kwana uku a sakan uku zai taka.

Ɗan Fagge:
Anti har ke?

Mai Gyaran Waya:
To ni ga sulhu. Tunda mutumin nan jininsa na hari ne, kar a kashe masa shi, a ba shi wanda yake da tushe. In baƙi ya yi giwa c5 ɗin nan da ta ci masa doki, ya tura kurtu b4. Giwa ta ci, ya yi c3 ya kore ta, ya bi da d4, ya shigar da sarki ɗaki, wato ya ɓoye shi a lungu kusa da hasumiya. Kurtu ɗaya ya bayar, ba doki ba, kuma ya samu tsakiya da hanyoyi a buɗe. Sunanta Evans, sunan wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Wales da ya ƙirƙiro ta wajen shekara 200 da suka wuce. Tsohon zakaran duniya Kasparov da kansa ya buga ta da Anand a Riga a 1995 ya ci shi a taku 25. Malam, wannan ma sabo ne?

Malamin Lissafi:
Wannan na sa hannu. Ka ga ai ka dawo kan maganar Baba, a fito da mutane tukuna. In kuma baƙi ya yi doki f6, ya bar g5 ɗin nan ya huta, ya yi d3, ya shigar da sarki, c3, sannan ya nemi faɗa. Amma ina nan kan bakata, buɗin wasa ba shi ne ciwonsa ba. Ga abin da zan ba shi na wata ɗaya. Ya bar minti 1 da minti 3 gaba ɗaya. Duk wasan da ya gama, kafin ya kunna Stockfish, injin nan mai nazarin wasa, ya nuna masa, ya koma da kansa ya nemo takun da wasan ya karye, ya rubuta a littafi da biro, layi ɗaya: na bar giwa ba mai gadi, ban ga cek ba, na yi sauri. Bayan wasa 20 ya karanta littafin, zai ga abu biyu ne ko uku suke ta maimaituwa. Sai kacici-kacicin allo guda goma kullum, a warware a kai kafin a taɓa. Sannan ya zauna rabin awa ya koyi kashe sarki da sarauniya, da kuma da hasumiya, har ya zama ko cikin barci zai yi. Abin kunya ne a ce mai kai hari ya kai gaɓa ya kasa yanka.

Ɗan Fagge:
Na karɓa. Littafin bashi na shago yana da sauran shafuka a baya, da shi zan fara.

Ɗan Fagge:
Salam, na dawo da rahoto bayan sati uku. Gaskiya zan faɗa. Kwana tara na farko na riƙe doka. Ran na goma aka ci ni wani wasa mai ciwo, na ce bari in huce da na minti 1 guda ɗaya. Ƙarfe biyun dare ta same ni an ci ni tara a jere, maigida ya zama abin tausayi, uwargida ta ce in wayar ce matata in gaya mata. Washegari na koma kan layi. A dogon wasa yanzu na yi 26, na ci 15, canjaras 2. Littafin kuwa Malam ya yi gaskiya, har ya ba ni haushi. Cikin tara da aka ci ni, shida abu ɗaya na rubuta: ban duba abin da takunsa yake nema ba. Evans na buga ta sau huɗu, na ci uku, kuma daɗinta ya fi na tsohon tarkona, don ina ganin dalilin kowane taku.

Mai Gyaran Waya:
Ka gani! Salo bai mutu ba, wanka aka yi masa.

Malamin Lissafi:
Ni shidan nan nake kallo, ba ukun ba.

Uwar Biyu:
Tunda ya yi ƙarfi, ya zo mu gwada. Yau bayan isha, minti 15 da ƙarin 10, na ba ka fari.

Ɗan Maraɗi:
Ku turo mana yadda ta kaya, in rezo ya bari.

Uwar Biyu:
To ga sakamako. Ya yi e4 na yi c6, muka yi musaya a tsakiya dokinsa ya zauna e4, na fito da nawa d7. Sai ga sarauniya a e2. Na ce oho, mai hali ba ya fasa halinsa. Jira yake in kawo dokin g8 zuwa f6, ya dira d6 ya yi min mat, wato ya kashe sarkina, don kurtuna na e7 a ɗaure yake, sarkina kuma 'yan gidansa sun kewaye shi. Sai na kai na d7 ɗin f6 maimakon wancan.

Ɗan Fagge:
Wallahi Anti na riga na ɗaga dokin, yana kan d6 yatsana bai saki ba. Sai na ji muryar Malam a kunnena, na duba, na ga dokinki da ya tashi ya buɗe wa sarauniyarki hanya, tana kallon d6 tun daga d8. Na mayar da shi inda yake a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Wata ɗaya da ya wuce da tuni ya tafi.

Baba Mai Dara:
To wa ya ci?

Uwar Biyu:
Ni na ci Baba, amma sai da muka kai taku 47, kowa da hasumiya ɗaya, na fi shi kurtu guda. Ya bar sarkinsa a gida nawa ya fito tsakiya, shi ke nan. Ya yi wasa mai kyau, ban samu komai kyauta ba. Abu ɗaya zan tambaye shi. Ɗan Fagge, lokacin da ka sallama akwai minti 11 a agogonka, ni saura biyu. Me za ka yi da su, gida za ka kai wa yara?

Ɗan Fagge:
Na rubuta a littafin bashi. Ranar Juma'a ki ba ni baƙi.